Hantar Balami a Cikin Kula

Ni mutum ne da aka sani da surutu. In na zauna majalisar bakin kasuwar Sabon Birni, ko kurma ne ya wuce sai ya tafi gida da labari. Sana'ata turka: in sayo raguna ramammu a Kurawa ko Tozai, wani lokaci in tsallaka Nijar in ɗauko, in ɗaure su a turke wata biyar ko shida, in yi ta ɗura musu dusa da kowar wake da angurya da tunkuza har su koma sai dai a sa musu taya a tura. Na fi shekara ashirin ina wanga aiki, kuma a hankali na yi wa kaina abin da nake yi wa dabbobin. Tumbina kan riga ni shiga masallaci da raka'a guda. Mutane na ce mishi tumbin arziki, ni kuma in shafa shi in amsa.

Kamar wata guda kafin wata Babbar Sallah na fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Ba ciwo ne mai tsanani ba, kamar dai an cusa mini dutsen niƙa an manta da shi. Ga gajiya, in na ɗauki buhun dusa daga zaure zuwa garke sai na nemi wurin zama. Da wani wuri ne da na sha jiƙo na ci gaba da harkata. Amma daidai nan ne na wana ya fara.

Wana ya rasu shekaru kaɗan kafin nan. Ya fi ni jiki, ya fi ni dariya. Da farko fuskarshi ta zube, hannuwanshi suka sirance, sannan cikin ya cika da ruwa ya yi ƙyalli kamar tulu sabon gashi, idanunshi suka koma ruwan ɗorawa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara ce ta yi mishi yawa. Ba mu kai shi babban asibiti ba sai da ya fara aman jini. Ina cikin waɗanda suka yi mishi wanka, kuma har yau tafin hannuna bai manta taurin cikin nan ba.

Don haka ban tsaya ba. Malamin asibiti a Isa ya danna wurin, ya ga na ɗaure fuska, ya rubuta mini takarda zuwa Sakkwato. Na shiga motar haya da sassafe. Akwai wuraren da in mota ta iso kowa ke yin shiru a hanyar nan don tsoron 'yan bindiga, har mai jariri ta toshe mishi baki da nono. Ni ranar nan tun daga tasha nake shiru, har direban, wanda ya san ni, ya juyo ya tambaya ko an yi mini rasuwa.

Likitar da aka kai ni wurinta Bayarabiya ce haifaffiyar Sakkwato, Hausar bakinta ta fi tawa tsabta. Tana ɗaga kai ta ga tsagar fuskata sai ta aje biro, ta ce yau ga bawanta ya kawo kanshi ba a aika mishi ba. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe, ba a haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Wani sanyi ya sauko mini. Na ce mata baiwa ba ta zama a kujera ubangidanta na tsaye. Ta ce in zauna a hankali, kujerar ba a yi ta don buhu uku ba. Muka yi ta yi. A raina na ce wurin da ake irin wagga dariya ba a faɗin mugun labari.

Aka ɗebi jinina, aka kwantar da ni aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta yi ta yawo da kan na'urar hoto tana kallon allo. Ta tambaye ni ko ina shan giya. Na ce ko warinta ban sani ba, ta tambayi danginta. Ta tambayi abin da nake ci, na lissafa mata da alfahari: fura da sukari da hantsi, shayi mai madarar gwangwani sau uku, lemun kwalba in rana ta yi zafi, balangu da yamma, kuma ni mai nama ya san ba a ba ni tsoka sai da kitse.

Da sakamakon ya fito ta ce babu ƙwayar cutar hanta a jinina, amma hantar ta tara kitse, ya shiga cikinta sosai. Na ce yau ga abin mamaki, masu shan manja da ludayi ke yi wa Bagobiri wa'azin kitse. Ta yi dariya, sannan ta sake faɗa, kalma ɗaya ba ta canja ba. Na ce to a yi mini allura in tafi, raguna na jirana.

Ta ce babu wagga allura. Magunguna ana kan nemansu, wasu sun fara fitowa a ƙasashen waje, ba su iso hannunsu ba, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Sai ta ɗauko wayarta ta nuna mini wani abu da ta ce ta yi aiki da irinshi lokacin da ta tafi ƙaro karatu. Ɗan abu ne garai-garai kamar gilashi, bai kai yatsa biyu ba, an fitar mishi da 'yan hanyoyi a ciki sirara kamar gashi, irin yadda mai lambu ke jan ruwa zuwa fangalin albasa. A cikin hanyoyin ake zuba ƙwayoyin hantar mutum masu rai, a riƙa tura musu wani ruwa yana zagayawa a madadin jini. Sai a yi ta ba su sukari da mai har su cika da ɗigon kitse. In sun cika, a sa maganin da ake son gwadawa a cikin ruwan, a zauna ana duba ko kitsen zai janye.

Na ce, “Ashe turka kuke yi.”

Ta ce, “Turka ce. Sai dai mu yadda za a warware ta muke nema.”

Sannan ta faɗa mini abin da ke hannu yanzu: in rage jiki, in bar sukari da lemo, in riƙa tafiya a ƙasa kullum, in dawo bayan wata biyar. Ta ce in aka bar kitsen yana iya zama tabo, tabon ya taurare hantar, daga nan ciki ya fara tara ruwa. Na ji wagga magana sarai. Amma da yake bakin da ya faɗe ta shi ne ya ce mini buhu uku, sai na haɗa su duka na zuba a buhun wasa. Da na dawo gida maiɗakina ta tambaye ni mi likita ta ce, na ce ba komi, hassadar Yarbawa ce kawai. Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe.

A turkar shekarar akwai wasu balamai biyu 'yan tagwai da na sayo a Tozai, uwa ɗaya, turke ɗaya, kwano ɗaya. Ɗaya na ware don layyata. Ɗayan na kai shi kasuwa sau uku, na ɗaga mishi kai da yawa, Sallah ta zo ta same shi a gida.

A gidanmu, kamar gidajen mutane da yawa, maigida ba ya sa komi a baki ranar Sallah sai an sauko idi an yanka, a gasa hanta ya fara da ita. Mahaucin unguwarmu ya farke cikin ragon, ya sa hannu ya zaro hantar ya aza a faranti. Ba ja ba ce. Fara-fara ce, kamar an kwana da ita cikin man shanu, bakinta ya kumbura ya dakushe, da ya danna ta da yatsa sai yatsan ya nutse. Ya ɗago ya yaba mini, ya ce wagga turka ta kai har hanta. Na ga irinta ba adadi, kuma kullum daɗi nake ji, har nakan ɗauki farantin in zagaya da shi maƙwabta su gani. Ranar nan ban ɗauki farantin ba. Abin da ke cikin farantin shi ne abin da matar nan ta gani a allonta, kuma ni nake ɗauke da shi a ƙarƙashin sabuwar shaddata.

Aka gasa aka kawo da yaji. Na ɗauki yanka ɗaya, na kai bakina, na mayar. Maiɗakina ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce, “Alhaji, faɗa mini abin da likita ta ce.” Na faɗa mata duka, ba ƙari, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga ranar nan tsoro ya tare a gidana. Da safe in leƙa madubin babur in ja fatar idona in ga ko ya fara ɗorawa. In danna ƙaurina da yatsa in ga ko zai lotsa, don haka na wana ya yi. In na yi tari in duba abin da na tofar. Tambaya ɗaya ce ke cina: hantar da ta yi haka, tana komawa? Duk shekarun da na yi ina turka ban taɓa ganin an warware ta ba. Wa zai ƙosar da rago sannan ya ramar da shi da gangan? Na tambayi mahauta, na tambayi wani tsohon Bafillace da ya san dabba fiye da 'ya'yanshi, kowa ya ce bai taɓa dubawa ba.

Ina tsaye a garke ina kallon ɗan tagwan da bai sayu ba sai ɗan gilashin nan ya faɗo mini a rai. Su sun ƙosar da hanta don su ga ko za ta warware. To ni ga ƙosasshiya a tsaye tana tuƙa. Na riga na ga ta ɗan'uwanshi, na san yadda tashi take. Na ce za ni yi mishi duk abin da aka ce in yi wa kaina, wata huɗu, in yanka shi in duba. In tashi ta koma, tawa za ta koma.

Na janye mishi dusa da tunkuza, na bar shi da harawa da ɗanyar ciyawa, don damina ta sauka. Ni kuma na bar sukari, na bar lemo, tuwo malmala ɗaya, balangu sai dai in gaishe shi daga nesa. Da zamanin lafiya ne da na ba Fulani shi ya bi garke daji, amma yanzu ba mai kai dabbarshi nesa da gari. Sai na sa mishi igiya da kaina. Bayan sallar asuba in gari ya waye mu fito, mu bi bayan kasuwa, mu gangara bakin gulbi ya ɗan ci ciyawa, mu juyo kafin gidaje su ƙare. Ranar farko mun tsaya hutu sau bakwai, kuma ba shi ne ya nema ba.

Majalisa ta samu abin yi. Wani ya ce a faɗa musu wa ke jan wani. Mai shayinmu ya ce tun da na bar sukari buhu guda ke kai mishi wata, za ya kai ƙarata wurin hakimi. Wani abokina dillali ya tare ni da gaske, ya ce mai turka da ke ramar da rago kamar magini ne da ke rushe gininshi, in akwai abin da ke damuna in faɗa. Na ce ragon ne zai shiga aikin soja. Duk wanda ya taɓa ni na rama, na bar su suna dariya, in na sha kwana in sa hannu in taɓa haƙarƙarina.

Wata na biyu wandona ya fara zamewa. A nan ne abin ya ƙara muni. A wurinmu ba a taya mutum murnar rama. Sai na ga dariyar ta ragu, ana gaishe ni da taushin murya, ana ce mini ya jiki. Wata tsohuwa da ta san gidanmu ta tsaya ta kalle ni a hanya, ta ce Allah ya sawwaƙe, haka ɗan'uwanka ya fara. Kuma gaskiya ta faɗa. Fuskarshi ce ta fara zubewa. Na rasa yadda za ni gane ko ramar warkewa nake yi ko ta tafiya. Madubi ba ya faɗa, mutane ba su sani ba. Sai na mai da dukan raina kan ragon. In ya yi atishawa gabana ya faɗi. Ranar da ya ƙi cin harawa na ɗauko malamin dabbobi a kan babur kafin in karya kumallo, ya duba ya ce ba komi, ragon dai ya gaji da ni ne.

Da wata huɗu suka cika, an fara yankan gero, na kira mahaucin nan da sassafe ranar da za ni koma Sakkwato. Na ce sadaka za ni yi. Da ya kai ga ciki na juya baya, sai da ya kira ni sau biyu. Hantar ta yi ja wur, bakinta ya yi kaifi, ya danna ta ta dawo. Na buɗe baki za ni yi hamdala sai ya juya ta. A ɗaya gefen akwai wani wuri fari, mai tauri, da 'yan layuka kamar an bi da zare. Ya ƙwanƙwasa shi da bakin wuƙa ya ce a yanke nan a yar.

Tabo. Abin da aka ce mini shi ke taurare hanta. Na hana shi yankewa, na ce a raba naman, na ɗauki hantar na naɗe a leda, na sa a kular da maiɗakina ke zuba kunu, na sayi ƙanƙara a tasha na cika.

Haka na shiga mota da kula a cinya, na rungume ta. Wata mata a gefena ta ce in fura ce a sammata. A wani shinge jami'in tsaro ya ce in buɗe, ya leƙa, ya dube ni, ya tambaya ina za ni da ita. Na ce majinyaciya ce, asibiti za ni kai ta. Mota duka ta ɗauki dariya, shi ma ya yi, ya ce mu wuce. Ni kaɗai na san ba wasa nake ba.

Likitar na ganina ta ce wa ya sace rabin bawanta. Na aza kular a teburinta. Ta ce madalla, yau an tuna da gaisuwar iyayengiji. Na buɗe, na warware ledar, na ba ta labari tun daga tagwayen Tozai har bakin gulbi, na nuna mata farin wurin da yatsana. Ina jira ta fashe da dariya ta kira ma'aikata su zo su ga haukan Gobirawa. Ba ta yi ba. Ta sa safar hannu ta juya hantar, ta duba, ta ce wanga ya fi kama da aikin tsutsar da dabba ke ɗauka a ciyawar bakin ruwa, malamin dabbobi zai fi ta sani, kuma ba shi da haɗi da kitse. Sannan ta cire safar ta zauna.

Ta ce, “Alhaji, wagga hantar rago ce.”

Tun da na san ta ba ta taɓa ce mini Alhaji ba.

Ta yi mini bayani a hankali. Rago ciyawa yake ci yana tuƙa, cikinshi daban, yadda hantarshi ke sarrafa abinci daban. Ko ɓerayen da masu bincike suka daɗe suna gwaji da su, sau da yawa magani kan yi musu aiki, a zo kan mutum ya ƙi. Dalilin ke nan da ya sa aka koma ƙera ɗan gilashin nan da ƙwayoyin mutum, don a matso kusa da gaskiya. Kuma ko shi, in ji ta, hanya kawai yake nunawa, ba ya da tumbi, ba ya shan shayi, ba shi da ɗan'uwa da ya rasu. Ta ce tunanina bai yi nisa da nasu ba, kuma tafiyar da na yi ba ta faɗi banza ba. Sai ta nuna gadon da ke bayan labule.

“Amma ba wanda zai kwanta can a madadinka.”

Na kwanta. Aka ɗebi jini, aka shafa abin sanyin nan. Ta aza kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarina ta ce in ja numfashi in riƙe. Na riƙe har na ga taurari da rana tsaka. Ta yi ta danna maɓallai tana kallon allo. Na kalli silin, na karanta duk addu'ar da na sani, na koma na fara daga farko. Na so in yi wani barkwanci, na laluba cikin kaina ban samu ko ɗaya ba.

Sai bayan azahar sakamakon jinin ya fito. Ta haɗa takardun ta ce kitsen ya ragu, ragi na gaske, amma bai tafi ba. Jinin ya fi na wancan karo kyau. Babu ruwa a cikina. Akwai wani ɗan wuri da ba ta gamsu da shi ba, tana son a auna taurinshi da wata na'ura in na dawo, don wadda ke gabanta ba ta iya faɗin wanga da tabbas.

Na tambaye ta kai tsaye ko za ni tafi irin tafiyar wana. Ta ce ba ta san abin da ya kashe shi ba, kuma ba za ta yi mini alkawarin da ba nata ba. Abin da ta gani yau hanta ce da har yanzu ke iya komawa in ban sake ta ba. In na koma wa lemo da kitse, ita ma za ta koma inda ta fito, ta wuce. Ta rubuta mini ranar dawowa, wata shida, ta ce in ɗauke mata kular nan daga tebur kafin ƙudaje su yanki kati.

Na fito na zauna a benci ƙarƙashin wata itaciyar bedi. Na kira maiɗakina. Ta ɗauka tun bai gama ƙara ɗaya ba.

Na ce, “Ya ragu.”

Ta ce, “Ya tafi?”

Na ce bai tafi ba, kuma akwai wurin da za a sake dubawa. Sannan ta tambaya yaushe, na ce wata shida. Ta ce to Allah ya kai mu, ta ce kuma tun da na yanka abokin tafiyata, da wa za ni riƙa zagayen safe. Na ce ni kaɗai. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, sannan na tashi na kama hanyar tasha a ƙasa.